MAN ƘASARMU DA JININ MA'AIKACI

'Yan'uwa talakawan Damargu, da ku magatakardan rassa na Tanut, da Balbeji, da Gangara, da Olelewa, da Bakin Birji,

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Damagaram ya yi arewa da dare ya san wurin da za mu yi magana a kansa. In an ci kamar kilomita 50, sai ka hango fitilu jere cikin daji, da dogon bututu mai wuta bisa kansa. Matatar mai ke nan ta SORAZ, a ƙasar Olelewa, dab da Bakin Birji. Shugaba Tanja Mamadu ne ya aza tubalinta a 2008, aka buɗe ta ran 28 ga Nuwamba 2011 zamanin Shugaba Isufu Mahamadu. An gina ta don ta tace ganga 20,000 kowace rana, ɗanyen man kuwa daga Agadem yake zuwa, cikin bututu mai tsawon kilomita kusan 460. Da aka kafa kamfanin, CNPC ta ƙasar Sin ta riƙe kashi 60, gwamnatin Nijar ta riƙe kashi 40.

Mun yi murna ran da aka buɗe ta, har yau kuma ba mu janye murnarmu ba. Ƙasar da ta shekara hamsin tana sayen kowane ɗigon mai daga waje, ran da ta fara tace nata lalle ta yi abin faɗi. Amma tun daga ranar ana ta maganar kuɗin lita, da maganar rabon riba, da maganar albashi. A watan Maris 2025 har gwamnati ta sallami manya uku 'yan Sin na kamfanonin mai daga ƙasar nan, cikin dalilanta kuwa har da ratar da ke tsakanin albashin baƙi da na 'yan ƙasa. Maganar albashi gaskiya ce. Sai dai akwai wata da ta fi ta nauyi, wadda ba a cika jin ta a bakin masu jawabi ba, watau maganar abin da ma'aikaci yake shaƙa daga safe zuwa maraice.

Ku matso ku ji yadda abin yake.

Ɗanyen mai da fetur, wanda muke kira isansi, suna ɗauke da waɗansu ruwaye masu narkar da maiko, masu saurin tashi su bi iska. Babbansu a mugunta ana ce masa benzin. Ba shi da launi, warinsa ma da ɗan daɗi-daɗi. Yana shiga jiki ta numfashi, yana kuma ratsa fata in ya daɗe a kanta. Abin da ya shiga, hanta takan juya shi, abin da ta juya kuwa sai ya tafi bargo. To, bargon ƙashi shi ne maƙerar jini. Can ake ƙera jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar numfashi, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da ƙananan ƙwayoyin nan masu tsai da jini in mutum ya yanke. In benzin ya daɗe yana taɓa bargo, sai maƙerar ta yi sanyi. Mutum ya riƙa jin gajiya ba dalili, idonsa da tafinsa su yi fari, dasashinsa ya riƙa jini in ya yi asuwaki, ya riƙa haɓo, masassara ta tafi ta dawo, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Wani kuma maƙerar ce take haukacewa, ta riƙa zubo fararen ƙwayoyi marasa amfani har su cika jini. Wannan ita ce sankarar jini.

Yanzu ku dubi waɗannan alamu da idon mutumin ƙauye. Gajiya, farin ido, masassara mai dawowa. Wa zai ce mai ne? Za a ce sauro ne, a ba shi ƙwaya. In ta ƙi, a ce shawara ce, a jiƙa masa saiwa. In ta ƙi, a ce an yi masa sammu ne don ya samu aiki mai albashi, a shiga zargin maƙwabci ko kishiyar uwa. A sayar da akuya, a sayar da rumbu, a kai shi babban asibitin Damagaram, daga can a ce sai Yamai, tafiyar kilomita kusan 900. Ran da ya cika a ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne, kowa da ranarsa. Amma wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya ya bar ta ba murfi, in makaho ya faɗa ba a ce masa ya tafi abinsa don kwanan makaho ya ƙare.

Ciwon nan kuma ba ya gaggawa, muguntarsa ke nan. Yakan ɗauki shekaru kafin ya nuna kansa, wani biyar, wani goma, wani fiye, wani ma sai bayan ya bar aikin. Saurayin da ya shiga matata a 2011 yana da shekara 25, a 2026 shekararsa 40, da mata da 'ya'ya. Don haka muka ga yanzu ne lokacin wannan magana.

Benzin yana da 'yan'uwa. Akwai toluwin da zailin, masu sa jiri da ciwon kai da maye kamar na mai shan sholisho, in an daɗe kuma su taɓa tunani da ji. Akwai hekzen mai kashe jijiyoyin hannu da ƙafa, mutum ya fara da jin kamar tururuwa na bin sa, ya ƙare ba ya iya riƙe kwano. Akwai kuma wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da kan taru cikin tankuna da ramuka. Ita ba ta jira. In ta yi yawa takan kashe hanci tukuna, mutum ya zaci ta tafi, sa'an nan ya faɗi, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi kusa da shi.

Kada wani ya ce muku wannan sabon ilmi ne da bai iso ba tukuna. Tun 1897 wani likita a ƙasar Suwidin ya ba da labarin 'yan mata masu aikin tayar keke a garin Upsala, waɗanda jininsu ya lalace saboda benzin, huɗu suka mutu. Faransa, wadda ta mulke mu, ta sa ciwon jinin benzin cikin jerin cututtukan aiki da ake biyan diyyarsu tun 1931, lokacin kakanninmu suna ɗaukar duwatsu a aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. A Istambul ta ƙasar Turkiyya, likita Muzaffer Aksoy ya bi masu ɗinkin takalma da ke aiki da gam mai benzin a shekarun 1960 da 1970, ya nuna sankarar jini ta fi yawa cikinsu. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon ta sa benzin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankara, ta kuma sake tabbatar da haka a 2017.

Ga wanda muke so ku riƙe da kyau. Ɗaya daga cikin manyan binciken da aka taɓa yi a duniya game da benzin, a ƙasar Sin aka yi shi. Likitocin Sin da na Amurka suka bi ma'aikata kusan 75,000 a birane 12, suka buga sakamako a 1997, ya nuna cututtukan jini da sankararsa sun fi kama masu shaƙar benzin. A 2004 aka sake auna ma'aikata 250 na masana'antun takalma a wajen birnin Tiyanjin, aka tarar fararen ƙwayoyin jininsu sun ragu, har da waɗanda abin da suke shaƙa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Ashe abokan cinikinmu sun fi mu sanin abin, jikin 'yan'uwansu ne ya gaya musu. Ba sai mun koya musu kome ba. Abin da suka sani a gida shi muke so a yi aiki da shi a Bakin Birji.

Mene ne kashi ɗaya cikin miliyan? Mutumin Damargu ba ya bukatar allo. Ka auno gero tiya uku ko huɗu, ka ɗauki ƙwaya ɗaya tak. Kamar haka ne. Wannan shi ne iyakar da Amurka ta yanka wa ma'aikaci a yinin aiki na awa takwas tun 1987, bayan kamfanonin mai sun kai ƙara kotu sun ja maganar wajen shekara tara. Tarayyar Turai ta ga ko wannan ya yi yawa, ta rage shi zuwa rabi a 2024, ta kuma tsai da cewa daga watan Afrilu 2026 ya koma kashi ɗaya cikin biyar na ƙwayar nan. Hancin ɗan Adam kuwa ba ya jin warin benzin sai ya riga ya haye wannan iyaka. Ma'aikacin da ya ce ai ba na jin wari, bai faɗi kome ba. Sai na'ura ta auna. Ku tuna kuma da zafin ƙasarmu. Mai yana tashi ya bi iska gwargwadon zafin rana, abin da tanki zai fitar a bazarar Tanut ya fi abin da zai fitar a ƙasar sanyi.

A kowace matata ta duniya, ba mai zama ofis ƙarƙashin na'urar sanyi ne ya fi shaƙa ba. Mai ɗiban samfur ne, da mai buɗe bututu don gyara, da mai tsayawa bisa tankar mota ana yi mata lodi, da mai aikin ramin ruwan datti, da wanda aka tura cikin tanki ya kwashe laka. Aikin nan na ƙarshe kuwa, al'adar kamfanonin mai ce a ko'ina su ba ɗan kwangila, shi kuma ya ɗebo leburori na 'yan makonni, ya biya su, ya sallame su. Su wa ke yin irin wannan lebaranci a ƙasarmu? Ɗan manomi ne da ya gama girbi ya fita cin rani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Injiniya yana da fayil, yana da sandika, ya iya karatun takarda. Lebura ya koma Tarka ko Gangara da 'yan jikkunansa, sunansa ba ya cikin littafin kowa. In bayan shekara takwas jininsa ya ƙare, wa zai shaida ya taɓa shiga tanki?

Mun ga irin wannan a kan hanyar nan tamu da ta bi ta Tanut zuwa Agadas. Kamfanin Cominak ya haƙi yuraniyom a Akokan kusa da Arlit tun 1978, ya rufe a watan Maris 2021. Da aka rufe, ɗaruruwan ma'aikatan da 'yan kwangila suka ɗauka suka yi ta kukan an bar su baya, tsofaffin ma'aikata kuma suka yi ta neman a bi lafiyarsu. Wanda ba shi da takarda a hannu, maganarsa kuka ce kawai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, ga abin da muke nema, kuma ba mu ƙago shi ba. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta rubuta yarjejeniya musamman a kan benzin tun 1971, mai lamba 136. Ta ce a gwada jinin ma'aikaci kafin ya fara aiki, a riƙa sake gwadawa lokaci lokaci, ba da kuɗinsa ba, a riƙa auna iskar wurin aiki, kada a sa mace mai ciki ko mai goyo. Dokar aiki ta ƙasarmu, mai lamba 2012-45 ta ran 25 ga Satumba 2012, ita ma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin tsare lafiyar ma'aikatansa. Mu abin da muka ƙara shi ne wannan: takardar gwajin ta zauna a hannun mai jinin. Gwajin nan, wanda likitoci ke kira NFS, watau ƙidayar ƙwayoyin jini, ba shi da wuya, ana yin sa a asibitocinmu. Amfaninsa yana cikin jeri. Na bana kaɗai ba ya faɗin kome sosai, amma in ka ajiye na shiga aiki, da na bara, da na bana, kowane likita zai ga in jini yana gangarawa, a janye mutum daga wurin tun bargo bai mutu ba. In kuma ciwo ya riga ya kama, da wannan jeri ne za a tsaya gaban asusun CNSS a ce ciwon aiki ne, a biya magani, a biya marayu. Fayil da ke cikin akwatin kamfani na kamfani ne. Kamfani yakan canza hannu, manaja yakan koma ƙasarsu, akwati yakan ɓace.

Muna kuma neman duk wanda ya taka cikin shingen matata don aiki, ko na kwana uku ne, ko ɗan kwangila ne ya kawo shi, a rubuta sunansa da garinsu da wurin da ya yi aikin, a ba shi shaida. Muna neman abin da na'ura ta auna na iska a kafa shi a bango inda ma'aikata ke wucewa, da Faransanci da Hausa, a kuma aika wa mai duba aiki na jihar Damagaram. Wanda ya bar aiki a ci gaba da gwada shi, gama mun faɗa muku ciwon ba ya bin ranar sallama. Ga jami'ar André Salifou nan a Damagaram tana koyar da likitoci. Me zai hana a ba ta wannan aiki na bin lafiyar ma'aikatan mai shekara da shekaru, da kuɗin da aka ware daga cikin man? In kamfani yana yin waɗannan duka, madalla, ya fito da su fili jama'a su gani, mu ne za mu fara buga yabonsa a wannan takarda.

Wannan magana da gwamnati muke yin ta kafin baƙo. Mai kashi 40 ba ɗan kallo ba ne, mai gida ne. Yana da kujeru a majalisar kamfani, yana da ministan mai, da ministan aiki, da ministan lafiya, doka kuma tasa ce. Zamanin Nasara in an cuci lebura mukan ce mulkin mallaka ne, gaskiya kuwa muka faɗa. Yau in an cuce shi, hatimin ƙasarmu yana kan takardar. Wanda ya iya sallamar manaja saboda albashi, ya iya kafa takardar awon iska a bango.

Akwai masu ce mana, ku yi shiru kada ku kori masu jari, aiki ya yi wuya, dubu suna bakin ƙofa suna jiran gurbin wanda ya yi ƙorafi. Mun san da haka. Yawan masu jiran nan shi ne ya sa ma'aikaci guda ba ya iya buɗe baki, shi ya sa dole jama'a ta buɗe masa. Kuma ba mu ga mai jarin da zai bar rijiyoyin Agadem saboda kuɗin gwajin jini ba.

Saura mu juyo kanmu, don ba a cikin shinge kaɗai ake shaƙar abin nan ba. Ku zaga kasuwar Bakin Birji ko ta Balbeji. Ga 'yan ruwa-ruwa da kwalabe jere cikin rana, yaro ɗan shekara goma sha biyu ya sa tiyo a baki yana zuƙo isansi daga jarka, ya tofar, ya yi dariya. Ga makanike yana wanke hannu da isansi kafin ya ci tuwo. Ga ɗan kabu-kabu ya ajiye jarka a ɗakin da matarsa da jaririnsa ke kwana. Benzin ɗin da ke matata shi ne cikin kwalbar nan, kuma a nan ba ɗan Sin, ba minista, mu ne. Mun san yunwa ce ta kai su, ba kuwa za mu ce wa mutum ya bar abincinsa ba. Amma ana iya zuba mai da mazurari, ana iya tsayawa ta inda iska ke busowa, ana iya wanke hannu da sabulu, ana iya ajiye jarka a waje cikin inuwa, ana iya hana yaro. In isansi ya sarƙe mutum ya gangara huhu, ciwo ne na nan take, kada kuma a sa wanda ya haɗiye shi amai, a kai shi likita.

Ku ma ma'aikata, ga abu biyu da ake ruɗin ku da su. Na ɗaya madara. An daɗe ana cewa in ka sha madara bayan aiki ta wanke dafin. Madara abinci ce mai kyau, Damargu kuma ba ta rasa nono ba, amma ba ta fitar da benzin daga bargo. Na biyu ƙyallen rufe hanci. Rawani da ƙyallen ƙura suna tare ƙura, tururin mai kuwa ratsa su yake yi kamar ba su. Abin da ke tare shi takunkumi ne mai gwangwanin gawayi, gwangwanin kuma yana cika, sai an riƙa canza shi. Kayan aiki da suka jiƙe da mai kada a kai su gida uwargida ta wanke da hannu, a wurin aiki ya kamata a wanke su. Mai shan taba kuwa ya sani hayaƙinta ma yana da benzin, yana ƙara wa kansa kaya bisa kaya.

Ga aikin rassa. Kowane magatakarda ya karanta wannan takarda a taron mako, da ƙarfi, saboda waɗanda ba su yi lakwal ba, ya kuma ba reshen mata su karanta, gama su ne masu jinya. Sa'an nan ya sayi littafi guda mai bango mai ƙarfi. Duk mutumin garinku da ya taɓa aiki a matata, ko wajen lodi, ko tuƙin tanka, in ya yarda, a rubuta sunansa, da shekarar da ya shiga da wadda ya fita, da irin aikin da ya yi, da wanda ya ɗauke shi, da ko an taɓa ɗibar jininsa, da ko an ba shi takardar. Wanda bai yarda ba a ƙyale shi, kada kuma a nuna littafin ga wanda ba ruwansa, don kada a jawo wa mutum kora. Wanda yake da takardu a taimake shi ya yi musu hoto, ya ajiye ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa. Wanda kuka ga yana da alamun da muka lissafa, a raka shi asibiti, kuma in ya shiga wurin likita kada ya tsaya ga faɗin masassara, ya faɗi aikin da ya yi da yawan shekarun da ya yi yana yin sa, ya roƙi a ƙidaya masa jini.

Adadin da kowane reshe ya samu, ban da sunaye, a aiko mana da shi kafin a fara shuka.